Macizan Ƙasar Gobir: Halittarsu, Amfaninsu da Hanyar Kauce wa Sharrinsu

Maciji na cikin dabbobi masu jan ciki, dangi ɗaya da ƙadangare da damo da guza. Masana sun ƙidaya wajen iri 4,000 a duniya. A cikinsu kimanin 600 ne ke da dafi, waɗanda kuwa dafinsu kan kai ga kisa ko naƙasa mutum ba su fi iri 200 ba. A ƙasar Gobir, wato yankin Sabon Birni da Isa da ke arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, lissafin bai sauya ba. Macizai iri-iri ne ke zaune a gonaki da fadamu da bayan gari, amma masu haɗari a cikinsu ƙalilan ne. Rashin bambance waɗannan da waɗancan yana jawo asara biyu. Ana kashe macizan da ke tsare hatsi daga ɓarnar ɓera, sannan wanda mai dafi ya sara yakan ɓata sa'o'in da ya kamata a ce yana kan hanyar asibiti.

Ƙasar da suke zaune

Yankin ya yi iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ta kudu kuma da Shinkafi ta Jihar Zamfara. Ƙasa ce mai fuska biyu. Akwai tudu da jigawa, inda ake noman gero da dawa da wake da gyaɗa. Akwai kuma kwarin Rima, inda ruwan Bunsuru da na Gagare da na Gulbin Maraɗi ke zuba, ya bar fadamu masu shinkafa a damina da kayan lambu a rani. Kowace fuska da macizanta. Tudu mai yashi da tsakuwa na masu son fari ne, fadama kuwa ta masu bin kwaɗi da kifi da ɓeraye. Suri, da ramin gafiya, da kogon itace, da tarin kara, da kufai da tsofaffin ganuwoyi irin na birnin Alƙalawa, duk maɓoya ce. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma rayuwar macizai tana bin wannan zagaye sau da ƙafa.

Yadda jikinsa yake

Jikin maciji ba ya samar wa kansa ɗumi. Zafin wurin da yake shi ne zafin jininsa. Shi ya sa da hunturu ake ganinsa yana shan hantsi, da bazara kuma ya shige rami ko gindin randa inda ke da sanyi, sai dare ya fito. Tun da ba ya ƙona abinci don ɗumama jiki, ɗan kaɗan ke isarsa. Babban maciji kan ci sau ɗaya ya yi makonni bai sake nema ba.

Ƙashin bayansa yana da gaɓoɓi daga 200 zuwa 400, kusan kowace da haƙarƙarinta biyu, kuma da su da faffaɗan ɓawon cikinsa yake tafiya. Mafi yawan macizai huhu ɗaya ke musu aiki, na dama, dogo siriri. Ba su da fatar ido. Wani ɓawo ne garai-garai ya rufe ƙwayar, don haka maciji ba ya ƙiftawa ko da barci yake. Ba shi da kunnen waje, amma yana jin girgizar ƙasa ta muƙamuƙinsa, yakan kuma ji sauti mai kauri. Takun mutum kan isa gare shi tun mutumin bai gan shi ba, kuma galibi ya riga ya sulale.

Harshen nan mai reshe biyu da mutane ke tsoro ba ya sara, ba ya ɗauke da dafi. Da shi maciji ke ɗanɗana iska. Yakan zaro shi ya kwaso ƙurar wari, ya mayar ya shafa a wasu ƙananan ramuka biyu da ke ganɗarsa, daga nan saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Reshen da ya fi kwaso wari shi ke nuna masa ɓangaren da ɓera ya bi.

Muƙamuƙinsa na ƙasa rabi biyu ne, ba a haɗe suke da ƙashi ba, wata jijiya ce mai talewa ta riƙe su. Idan ya kama ɓera, yakan nemo kan tukuna. Sai rabin bakin ya matsa gaba ya kafa haƙora, ɗaya rabin ya biyo baya, a hankali a hankali har ɓeran ya shige, kafin nan ƙofar maƙogwaronsa ta turo gaba don kada numfashi ya yanke. Ta haka yake haɗiye abin da ya fi kansa kauri.

Maciji yana saɓa sau da yawa a shekara, musamman yana ƙarami. Kafin saɓar idonsa kan yi hazo, ganinsa ya ragu, ya zama mai saurin fusata. Dafi kuwa yawu ne da ya rikiɗa, ana haɗa shi a wasu ƙululai da ke bayan ido, ya bi ta cikin fiƙa. Amfaninsa na asali shi ne kama abinci da narkar da shi. Mutum ba abincin maciji mai dafi ba ne. Sara ga mutum kare kai ne, har ma wani lokaci macijin kan sara bai zuba dafi ba. Idan an cire fiƙar, wata takan fito a madadinta.

Masu haɗari

Kububuwa, wadda ake kira gobe-da-nisa, ita ce kan gaba. Ƙarama ce, daga santimita 30 zuwa 60, launin ƙasa-ƙasa da ɗigo-ɗigo masu haske a gadon baya, kai mai faɗi, wuya siriri. Da dare take yawo. Idan aka matsa mata takan naɗe ta lanƙwasa jiki, ta riƙa goga ɓawonta mai kaushi da juna, sai a ji wata ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Wannan ƙara gargaɗi ce, wanda ya ji ta ya ja da baya. Dafinta yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare. Wurin saran kan kumbura, sannan jini ya fara fita ta dasashi, ta tsohon rauni, cikin fitsari ko amai, wani lokaci ya tsiyaya cikin ciki ko ƙwaƙwalwa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wanda ta sara kan wuni yana magana yana cin abinci, a ɗauka ya tsira, sai bayan kwana biyu ko fiye jiki ya rikice. A cikin mutum 100 da ba su samu magani ba, 10 zuwa 20 kan mutu. Babu macijin da ya kai ta kisa a yankin savana na Afirka ta Yamma.

Kasa gajeriya ce mai kauri, wajen mita ɗaya, da zane mai kusurwa a baya wanda ke sajewa da busasshen ganye. Ba ta gudu. Takan kwanta shiru ta dogara da ɓoyon launinta, shi ya sa ake taka ta. Idan ta fusata takan kumbura ta yi huci mai ƙarfi, kuma duk da nauyin jikinta saranta yana da sauri ƙwarai. Dafinta na kawo kumburi mai tsanani da bororo da ruɓewar nama, har ya kai ga yanke ƙafa. Kasa haihuwa take yi, ba ƙwai ba, kuma takan haifi 'ya'ya 20 zuwa 40 a lokaci ɗaya.

Sai masu fasa kai, kumurci da gamsheƙa, waɗanda a wasu garuruwa ake musanya sunayensu. Abin lura shi ne iri biyu ne. Akwai baƙi mai tsartuwa, wanda kan kai mita biyu, yana iya feso dafi ya sami idon mutum daga nisan mita biyu ko fiye. Shi ne mai shiga gida da dare neman ɓera da kwaɗo da 'yan tsaki, kuma yakan sari mai barci a ƙasa. Saransa na ruɓar da fata da nama. Ɗayan ba ya tsartuwa, amma dafinsa jijiyoyi yake kamawa. Ido ya fara lumshewa, haɗiyar yawu ta gagara, magana ta sarƙe, daga bisani numfashi ya tsaya idan ba a kai ɗauki ba.

Akwai kuma wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi da ke zama cikin ƙasa, yana fitowa bayan ruwan sama. Fiƙarsa ta gefen baki take fitowa, don haka ko an riƙe shi ta ƙeya yana iya soke yatsa.

Marasa cutarwa

Waɗannan su ne mafiya yawa. Damatsiri kore ne siriri, yana bin itatuwa da ciyawar bakin ruwa yana cin kwaɗi da ƙadangaru. Tsadaraki dogo ne mai ratsi-ratsi, mai gudun tsiya, da rana yake farauta, kuma da ya ga mutum sai ya ranta a na kare. Akwai macijin gida mai launin ƙasa ko baƙi-baƙi, marar dafi, wanda kusan ba shi da abinci sai ɓera. A cikin yashi akwai wani gajere mai dunƙulalliyar wutsiya da mutane ke cewa kai biyu gare shi, alhali kai ɗaya ne, kuma ba shi da dafi. Akwai mai shan ƙwan tsuntsaye, wanda kusan ba shi da haƙori, amma launinsa da yadda yake goga jiki ya yi ƙara duk irin na kububuwa ne. Da wannan kwaikwayo yake tsorata maƙiyansa. Saboda irin wannan kamanni ne bai kamata kowa ya ɗauki maciji da hannu ba don yana zaton ya gane shi.

Mesa ita ce babbarsu, takan kai mita biyar. Ba ta da dafi, naɗe abin farauta take yi ta matse shi. Tana son fadama da bakin gulbi, tana cin gafiya da zomo da tsuntsaye, babba kuma takan ɗauki ɗan akuya. Macen kan yi gammo a kan ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Cizonta na yin rauni, saboda haka a ba ta wuri.

Aikin da suke yi wa manomi

Babban abokin gabar rumbu shi ne ɓera, wanda Gobirawa da sauran Sakkwatawa ke ce wa kusu. Yana tone iri a gona, ya ci zangarniya, ya huda rumbu, ya ɓata abin da bai ci ba da kashi da fitsari. Wani irinsa da ya yawaita a gonaki da gidajen Afirka ta Yamma cikinsa ɗan sama da mako uku ne, kuma macen kan haifi 10 ko fiye a haihuwa ɗaya. Shi ne kuma ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Kyanwa da mujiya da shaho suna kama ɓera a fili, amma maciji ne ke bin sa har cikin rami ya cinye shi da 'ya'yansa. Duk inda aka ƙarar da macizai, an cire wa ɓera takunkumi.

Su ma macizan abincin wasu ne. Tunku da dage da guza da burtu da manyan tsuntsaye masu farauta duk suna cin su. Idan daji ya ƙare waɗannan suka ɓace, ƙananan macizai masu jure gona irin kububuwa sun rasa mai rage su.

Dafin kansa ya zama tushen magunguna. Maganin hawan jini mai suna captopril, wanda aka fara amfani da shi a 1981, daga binciken dafin wani macijin Barazil aka samo shi. Wani maganin hana gudajin jini ga masu ciwon zuciya, tirofiban, an ƙirƙiro shi ne bisa wani sinadari na dafin 'yar'uwar kububuwa ta Asiya. Makarin dafi ma ba ya samuwa sai da dafin macizai masu rai.

Lokacin da aka fi sara

Ruwan farko kan cika ramuka ya fito da macizai, daidai lokacin da manoma suka duƙufa shuka da noma, da yawa ba takalmi ko da silifa. Sai kaka, sa'ad da ake yankan gero, ana ɗaure dammuna, ana roron wake da tara harawa. Ɓeraye kan taru ƙarƙashin tarin amfanin gona, macizai su biyo su, mai ɗaga dami ya zura hannu bai duba ba. Makiyayi a cikin ciyawa, mace mai ɗibar itace ko kara da magariba, yaro mai zura hannu a ramin gafiya, mai fita bayan gida da dare ba fitila, su ne aka fi sara, kuma galibi a ƙafa ko a hannu. Ambaliya a kwarin Rima takan koro macizai zuwa tudun da mutane suka fake.

Matsalar 'yan bindiga ta ƙara dagula lamarin. Tun daga 2019 dubban mutanen wannan shiyya sun bar ƙauyukansu, wasu sun tsallaka Jihar Maraɗi. Masu kwana a daji don tsira da rai a ƙasa suke kwana, cikin duhu. Gidaje da gonakin da aka bari sun zama kango da saura, masu komawa kuma kan tarar da wasu mazauna a ciki. Hanyar da ba ta biyuwa da dare tana nufin wanda aka sara da isha'i sai gari ya waye.

Makarin dafi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai na saran mutum kusan miliyan 5.4 a shekara, 81,000 zuwa 138,000 na mutuwa, masu naƙasa kuma sun ninka haka wajen sau uku. A 2017 ta sa saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. A Najeriya, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da ƙiyasin sara 20,000 da mutuwa 2,000 a shekara.

Magani ɗaya ne aka tabbatar yana karya dafi, wato allurar makari. Wani likitan Faransa, Albert Calmette, yana cikin waɗanda suka fara haɗa ta a shekarun 1890. Ana tatsar dafi, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har jininsu ya ƙera garkuwa, sai a ɗebi jinin a tace garkuwar. Saboda haka makari na aiki ne a kan irin macijin da aka yi shi dominsa. Wanda aka haɗa don macizan Indiya ba ya kashe dafin kububuwar Afirka yadda ake buƙata, ko da kwalbar ta yi kyau.

Arewacin Najeriya ya taka rawa a wannan ilimi. A shekarun 1970 likita David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazari mai zurfi kan saran kububuwa da kumurci da kasa. Daga baya haɗin gwiwar gwamnatin Najeriya da masanan Liverpool da Oxford ya samar da EchiTAb-G, wanda aka haɗa a Birtaniya don kububuwa, da EchiTAb-Plus, wanda ake yi a Kosta Rika don kububuwa da kasa da kumurci mai tsartuwa, duka da dafin macizan Najeriya. An gwada su a Kaltungo ta Jihar Gombe, inda asibitin waɗanda maciji ya sara yake. A Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Abdulrazaq Habib ya daɗe yana jagorantar bincike kan lamarin. Da makari mai inganci, mutuwa daga saran kububuwa kan sauko ƙasa da 2 cikin 100.

Gane ko dafin kububuwa ya shiga jini ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikacin lafiya zai ɗebi ɗan jini daga jijiya, ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ya ajiye ba tare da girgizawa ba. Bayan minti 20 sai ya karkata kwalbar. Idan jinin ya daskare ya tsaya, da sauƙi, sai a ci gaba da lura a kuma maimaita gwajin. Idan ya kwaranyo ruwa tsululu, dafi na aiki, a ɗaura makari nan take. Ƙaramin asibitin ƙauye ma zai iya wannan.

Idan an yi sara

A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a hana shi gudu ko doguwar tafiya, domin motsi na gaggauta yaɗuwar dafi. A cire zobe da awarwaro da kambu da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo. A ɗora gaɓar a kan sanda ko kara a ɗaure sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi a babur ko amalanke ko mota zuwa asibiti mafi kusa. Idan yana amai, a kwantar da shi ta gefen hagu.

Kada a ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba, hakan na kashe nama ya jawo yankewa. Kada a yi tsaga ko ƙaho ko tsotsa, domin ga wanda jininsa ya daina daskarewa kowace tsaga ƙofar zubar jini ce. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. Jiƙon da ke sa amai na iya shaƙe marar lafiya. Kada a ba shi asfirin da danginsa na ciwon jiki, farasitamol ya isa. Kada a tsaya farautar macijin, kuma ko an kashe shi kada a taɓa kan, don yankakken kai na iya sara. Idan dafi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, kada a murza, sannan a je asibiti.

Yawancin waɗanda suka warke a hannun masu maganin gargajiya, ko dai macijin ba mai dafi ba ne, ko bai zuba dafin ba. Addu'a da tofi ba sa hana tafiya asibiti, ana iya yin su a kan hanya.

Tushen tsoro da maganinsa

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma mafi yawan masu firgita da maciji bai taɓa saran su ba. Bincike ya nuna idon ɗan Adam na saurin tsinkayar siffar maciji fiye da sauran abubuwa, har ga jarirai, sai dai jariran ba sa nuna tsoro. A shekarun 1980 wata masaniya a Amurka, Susan Mineka, ta nuna cewa biran da aka haifa a tsare ba sa tsoron maciji, amma da zarar sun ga wani biri ya razana da shi sai su ɗauka, kuma abin ya zauna musu. Haka yaro ke koyo daga ihun manya da labaran dare.

Camfi na ƙara wa tsoron kauri. Ana cewa maciji na bin mutum da gudu, ko yana harbi da wutsiya, ko matarsa na ɗaukar fansa. Babu ko ɗaya da ya tabbata. Wanda ya nufo mutum yawanci raminsa yake nema. Wasan gardawa ma na ruɗar yara, alhali wasunsu kan cire fiƙar macijin kafin su fito da shi, kuma a cikinsu ana samun waɗanda sara ya kashe.

Hattara na tsare rai, firgici kuwa na jefa shi cikin haɗari. Mai firgici ne ke rufe maciji da duka a lungu har ya sare shi, shi ne ke sheƙawa da gudu bayan sara. Likitocin ƙwaƙwalwa na magance matsanancin tsoro ta hanyar sabo mataki-mataki. A fara da bayani, sai hoto, sai bidiyo a waya, sai taɓa saɓar maciji, sai kallon mai rai daga nesa a wurin da yake tsare, kowane mataki a daɗe a kansa har bugun zuciya ya lafa. Manufar ba a kama maciji ba ce. Manufar ita ce in an yi kiciɓis da shi a iya tsayawa cik, a ja da baya a hankali, a bar masa hanya.

Addini ma bai bar batun ba. Shari'a ta halatta kashe maciji mai cutarwa. A cikin Sahihu Muslim kuma akwai umarnin a yi wa macizan gidajen Madina gargaɗi na kwana uku kafin a kashe su, malamai sun yi saɓani kan ko hukuncin ya game sauran garuruwa. An kuma hana azabtar da dabba da wuta.

Kiyaye su da kiyaye kai

Abin da ke rage macizai a wannan yanki shi ne ƙona daji, da sare itatuwa, da mayar da kowane saura gona, da maganin feshi da ke kashe kwaɗi da ƙadangaru, da kisan duk wanda aka gani. Mesa ta fi shan wahala, saboda fatarta da dukawa ke jaka da takalmi da ita, ga kitsenta da ake nema don magani. Tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, Najeriya kuma na da dokar kare dabbobi masu fuskantar ƙarewa tun 1985. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Sakkwato ke cikin jihohi 11 da ya shafa, zai iya maido da mafakar dabbobin daji idan aka kula da shi.

Kiyaye maciji ba ya nufin barinsa a ɗaki. Yana nufin raba wurin zama. Maciji abinci da maɓoya ke kawo shi gida, saboda haka a nisanta rumbu da akurki da tarin kara da itace daga ɗakin kwana, a toshe ramuka da tsagar bango, a share ciyawa a kewayen gida. A kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. A riƙe tocila da dare, a zazzage takalmi kafin a sa. A gona a sa dogon takalmin roba, a juya dami da sanda kafin a kai hannu. A hana yara tonon ramuka. Wanda aka gani a daji yana harkarsa a ƙyale shi.

Sauran aikin na hukuma da shugabanni ne. Ya kamata manyan asibitocin Isa da Sabon Birni su kasance da makari mai inganci tun kafin ruwan farko, kyauta ko da rangwame, da ma'aikatan da aka horar, don kada sai an kai mutum Sakkwato. Sarakuna da limamai da malaman makaranta da gidajen rediyo su yaɗa bayanin, musamman a ranar 19 ga Satumba da aka ware don wayar da kai kan saran maciji. Masu maganin gargajiya, waɗanda su ake fara kai wa marar lafiya, a jawo su a jiki su zama masu turawa asibiti da wuri. Saran maciji ciwo ne mai magani, kuma jinkiri ne ya fi kashe waɗanda aka sara.